Ƙurjin Goggo Adama

Rabo ya taka birki a ƙofar asibiti, mahaifiyarsa Goggo Adama ta dafe mara.

"Kai, a hankali! Buhun auduga ka ɗauko?"

Tun daga Daudawa take yi wa sabuwar fijon tasa faɗa, ita da ramukan hanya. Ta daɗe tana ɓoye ciwon. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, ƙasan cibiya kamar an ajiye garwashi. Ta sha jiƙon sabara, wanzami ya yi mata ƙaho, har ranar da ta kasa miƙewa daga sallar asuba.

Likitan Ba'indiye ne. Ya danna cikin, ta yi salati. Ya daɗe yana magana, nas Alheri ta fassara.

"Goggo, ƙurji ne can cikin mara, ya tara mugunya. In ya fashe zai malale cikin gaba ɗaya, har jini. Yau za a buɗe a kwashe."

"Mi? Wuƙa? Ni da na haihu bakwai a ɗakina? Rabo, tada mota."

Rabo bai motsa ba. Ya tsuguna a gabanta, idonsa ya kaɗa.

"Goggo, Lauratu ta shiga watanta. Jikanki na fari ne daga wajena. In kin ƙi, shi ke nan, uwarta ta zo ta yi mata wankan jego."

"Wa? Mairo? Ruwan da take dafawa ko kaza ba ya figewa!"

Gumi ya tsattsafo mata. Can ta cire awarwaronta ta miƙa wa Alheri.

"Kira mai wuƙar."

Aka yi aiki. Ta farka da roba a gefen ciki tana zubar da sauran mugunyar cikin kwalba. Da zazzaɓin ya sauka, duk wadda aka kwantar a ɗakin sai ta ga kwalbar nan, ta kuma ji labarin tun daga farko. Likita ya hana ta ɗaga ko tulu sai bayan Sallah.

Ran Talata Rabo ya shigo yana washe baki.

"Goggo, an sauka lafiya! Mace. Inna Mairo ta iso, har ta ɗora tukunya."

Goggo ta dubi robar, ta dubi ƙofa, ta koma ta kwanta.

"Alhamdu lillahi. Je ka ce mata ta ƙara itace."