Su Wa Ake Bari a Baya

Gardama ta riga ta yi nisa sa'ad da na iso da kunun tsamiya. Maƙwabcina Mato yana kwance a rumfar ƙofar gidansa, ƙafafu a kumbure, maza sun kewaye shi suna ta janye sojan Nasara daga yaƙin ƙasar Sham da baki, alhali ban da Attahir ba wanda ya taɓa wuce Damagaram a cikinsu.

Ɗanmalam mai fataucin kanwa ya ce a kasuwar Damagaram ya ji, wai Nasara ma can garinsu rigima suke: wasu na cewa a kwaso yaran gaba ɗaya, wasu na cewa in an tafi yanzu jinin da aka zubar ya tashi a banza. Shi a ganinsa a taso rana ɗaya, yadda ayari ke tashi. Attahir, wanda ya yi babban yaƙin Nasara ya dawo garinmu Tarka da hannu ɗaya a shanye, ya ce wannan lissafin mai jakai ne. Shiga yaƙi ba wuya, fitar ce ke cin mutane. Sai dai kaɗan-kaɗan, ana barin wasu suna tare baya.

"A dai sako su kafin shuka," in ji Mato. "Yaran mutane ne."

Kowa a rumfar ya san ɗansa Ilyasu na cikin waɗanda aka ɗiba aikin soja bara waccan. Amma Ilyasu ɗan fari ne, a wurinmu kuwa iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa tambayar labarinsa a gaban mutane. Shi ya sa Mato, wanda duniyarsa ba ta taɓa wuce gonar hatsi ba, ya koma mai son zancen yaƙi. Ta nan kaɗai yake iya tambaya.

Ni na tsufa ina koya wa matan unguwa karatu, kuma duk littattafan da babana ya bar mini ban ga inda aka hana uba kiran ɗansa ba. Da aka watse na faɗa wa Mato haka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in bar shi ya mutu da mutuncinsa.

Ranar da jikin ya tsananta aka mayar da shi ɗaki da hantsi. Ya sa aka kira masa Attahir. Ni da Yagana matar Mato muna zaune a bakin ƙofa.

"Wannan janyewar taka ta kaɗan-kaɗan," in ji Mato, "su wa ake bari a baya?"

Attahir ya so ya kauce, ya ce ai sai yadda kumandan ya ga dama, sai yadda hanya ta kasance. Mato ya zuba masa ido har ya gaji ya faɗi gaskiya: marasa gardama ake bari, waɗanda in an ce su tsaya nan, nan za a dawo a same su.

"To, shi ne," Mato ya ce. "Yana yaro na ce ya tsare mini gona daga tsuntsaye, na manta da shi. Da rana ta faɗi na koma, yana nan tsaye."

Ya juyo wajena, ya ce in yi masa addu'a, in kuma ya dawo in gaya masa babu komai tsakaninsu sai albarka.

"Wa zan ce?"

"Allah ya san shi, Malama."

"Ya san shi. Amma ni zan kai saƙo, kuma zai tambaye ni yadda ka faɗa. Ba zan ƙara ko kalma ba."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Har na fara jin na matsa wa marar lafiya. Can ya buɗe baki a hankali, kamar mai taka ƙasa da ƙafa mai ciwo.

"Ilyasu. Ki ce wa Ilyasu."

Kafin la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna a rumfa, ba a jima ba na ji Ɗanmalam da Attahir sun koma kan maganarsu, murya ƙasa-ƙasa. Na shiga cikin gida. Yagana na durƙushe a gindin danga tana wanke ƙwarya, ta ba mutane baya, leɓunanta na motsi. Ba addu'a take ba. Sunan take gwadawa.