Tulun da Inna Hure Ta Toshe

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa Zumuntar Mata ta cocinmu a Gummi waƙoƙi, ban taɓa jin faɗuwar gaba irin ta wannan makon ba. An gayyace mu mu yi waƙa a taron zaman lafiya a filin firamare, gaban limamai da fastoci da duk mutanen gari. A coci ko murya ta karkace, 'yan'uwa za su ce amin su rufa asiri. A fili kuwa babu mai rufa miki.

Abin da ke cin raina ban gaya wa kowa ba sai Ubangiji: ina zaton maƙwabtanmu Musulmi haƙuri kawai suke yi da kiɗanmu. Duk Talata muna gwaji a tsakar gidana, ba wanda ya taɓa cewa uffan, ni kuma na fassara shirun yadda tsoro ya ga dama. Har baitin ƙarshe na sabuwar waƙar da na rubuta domin taron, ban-haƙuri ne zalla.

Ana saura kwana uku, bakin tulunmu na kiɗa ya tsage. Kamar tulun ruwa yake, sai dai yana da rami a gefe, inda ake buga tafin hannu ya ba da murya mai kauri. In ba shi, waƙata miya ce ba gishiri. Na kai shi gidan Inna Hure, mai ginin tukwane da ke bayan katangarmu. Na tarar ta fita ɗebo yumɓu, sai na ajiye na bar sallahu a gyara tsagewar.

Washegari ta tarye ni tana washe baki.

"Ga shi, Maman Ayuba, na liƙe bakin da siminti. Wancan ƙaton ramin na gehe ma na toshe miki shi, kyauta. Wa yas sai miki hudajjen tulu? Ko ruwan alwala ba ya riƙewa."

Na buga shi, ya ce ɗif kamar an mari buhun dawa. Kuka da dariya suka taso mini tare, dariyar ta riga fita.

"Inna, ba na ruwa na ba. Na kiɗan coci na, kuma ramin shi ad da murya." Na faɗa a hankali, ina jiran in ga fuskarta ta canja.

Ta riƙe haɓa. "Kar dai shi na mai gim-gim ɗin ga na ran Talata?"

"Shi na. Ki yi haƙuri in muna damun ki."

"Damu mi? Ɗiyata, ran Talata nika kwaɓa yumɓu, da ƙahwa nika taka shi bisa kiɗan ga naku. Makon da kunka tahi biki Zuru yumɓun bai kwaɓu ba, tukunya biyu sunka hwashe a wuta."

Simintin bai gama bushewa ba. Ta jawo tsohuwar wuƙa ta dinga kankarewa, tana sa ni in buga, ita kuma ta karkata kunne. Sau uku ina cewa ya yi, tana cewa da saura. A na huɗu ta goge gefen ramin da dutse, na buga, ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu ya dawo." Ashe ta fi ni sanin muryarsa.

Na ji kunya, na kuma ji daɗi har cikin raina. Duk shekarun nan ina rubuta waƙoƙin ƙaunar maƙwabci, bai taɓa zo mini a rai cewa ni ce maƙwabciyar da ake ƙauna ba. Da na koma gida na yage baitin ban-haƙurin, na rubuta na godiya.

Ranar taro na tsaya gaban jama'a, riƙe da takardar waƙar. Saratu, mai kaɗa mana tulu, ta yi bugun farko. Na ɗaga ido, sai ga Inna Hure a layin gaba cikin mata, ta gyara mayafi ta haɗe fuska kamar ba ta san ni ba. Amma da na dubi ƙasa, ta cire takalmi, ƙafafunta suna taka yumɓun da babu.