Akwatin da Ba Ya Yoyo

Da aka rushe layinsu don a faɗaɗa titi, abin da Kafinta ya fita da shi daga gidan da ya tsufa a ciki bai taka kara ya karya ba: ƙyauren ƙofar gida, da 'yan katakan silin da ya ɓamɓaro kafin motar rusau ta iso, da akwatin kayan aikinsa. Matarsa kuwa, wadda yara da manya ke kira Inna, ko tukunya ba ta waiwaya ba. Wani tsohon bokitin fenti ta rungume, a cikinsa ɗan dashen lemun tsami da tsawonsa bai kai gwiwa ba. Daga bishiyar tsakar gidansu ta raine shi. Ita bishiyar a gaban idonta aka tumɓuke ta.

'Yarsu Auta ce ta ɗauke su. Tana haya a saman bene, ɗaki biyu da falo da wata 'yar baranda da mutum biyu ba sa iya gittawa a cikinta sai ɗaya ya karkace. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Ita kuma tun safe take fita kantin magani inda take aiki, sai yamma liƙis. Saboda haka tsofaffin nan biyu su kaɗai suke wuni, suna jin ƙarar keken ɗinkin Tela da ke da shago a ƙasa.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wa kowa ƙorafi ba. Kwanciya ta yi, ta juya fuska bango. A kawo abinci ta tsakura, a mayar. Auta ta kawo magunguna iri-iri, ta sha don kada a ce ta ƙi. Abu ɗaya ne ke tayar da ita: da safe takan dafa bango ta fita baranda da moɗa, ta zuba wa dashen ruwa, ta shafa ganyen da yatsa ta sunsuna. Wani lokaci ta ɗan zauna a wurin har rana ta iso ƙafarta. Kafinta yana lura. Ya san in babu bokitin nan, babu abin da zai ƙara sauko da ita daga gado.

Matsalar ita ce gindin bokitin a tsage yake. In ta zuba ruwa, sai jan ruwan ƙasa ya biyo ta tsagar, ya bi siminti, ya ɗiga ƙasa, daidai inda Tela ke rataye kayan da ya gama. Rannan ya ɗiga a kan farar rigar wani mutum. Tela ya hau sama da rigar a hannu, ya gaishe su da ladabi, ya nuna tabon, ya ce shi ba faɗa ya zo yi ba, amma mai rigar ba ya jin wannan yaren. Da yamma mai kula da gidan ya tare Auta a matakala ya gaya mata a taƙaice: ko ruwan ya daina ɗiga, ko bokitin ya bar barandar.

Auta ta shigo a gajiye, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce ko a sauke shi ƙasa bayan gida kusa da inda ake ajiye babura. Inna tana kwance, ba ta juyo ba.

"Ku sauke shi," in ji ta. "Awakin unguwa ma ai suna son ci."

Kafinta ya ce ba inda za a kai shi. Zai yi masa akwati na katako, wanda ko ɗigo ɗaya ba zai fita ba. Auta ta ce, "Baba, da wane hannun?" Ya dube ta, ta wuce kicin.

Gaskiyarta dai. Hannun ya daɗe da fara rawa, idon dama kuma hazo-hazo yake gani. Rabonsa da riƙe zarto tun kafin a fara maganar titin. Amma a zamaninsa, duk wanda ya san aikin katako a wannan yanki ya san shi da abu ɗaya: haɗinsa ba ya barin kafa. Yana haɗa katako biyu ka nemi inda suka haɗu ka rasa. Ya kori yaran shago da dama saboda ya ga haske ta tsakanin haɗinsu. Irin aikin da ake yi yanzu, a buga ƙusa ta ko'ina a cike ramin da garin katako da gam a shafe da fenti, shi bai taɓa kiransa aiki ba.

Katakan suna jingine a ƙarƙashin matakala. Hawa da su sama ya ci masa wuni guda, ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a kowane kwana, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar kujera. Tela ya leƙo ya ce a bari ya kama masa. Kafinta ya ce ya gode, shi dai Tela ya koma ya kula da fararen rigunansa.

Tsohon katako ba ya ba da kansa da sauƙi. Sai da ya zauna ya bi kowane ɗaya da hannu yana laluben ƙusoshin da suka yi tsatsa suka karye a ciki, don ko ɗaya zarto ya ci karo da ita haƙoransa sun tafi. Na silin rabinsu gara ta cinye ta ciki, waje lafiya lau, ka danna da babban yatsa ya burma. Ya ware su gefe. Ƙyauren ne ya fid da shi kunya. Shi ya yi shi da hannunsa shekarar da suka tare a gidan, katako mai nauyi, ja, wanda har yau in ka kankare fentin sai ƙamshi ya taso. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗora zarto. Akwai wurin da hannun mutanen gida ya goge har ya yi santsi, daidai inda ake turawa. Ya yanka ta yadda wurin zai faɗo a gaban akwatin.

Ba ya iya tsayuwa da yawa, don haka a zaune ya yi aikin, a bakin ƙofar baranda, ya danne katako da ƙafa. Yanka kaɗan, hutu mai yawa. In hannun ya ɗauki rawa sai ya ajiye kurfin sassaƙa ya matse hannun a hammata har ya lafa. Sau biyu ya ɓata haɗi ya sake sabo, abin da a da ko a mafarki ba ya yi. Garin katako ya cika falo, Auta ta dawo ta share, gobe ya sake cikawa.

Ana cikin haka Inna ta fara fitowa tana zama a kan kujera tana kallonsa. Ta ce tun tana amarya ake yi mata alkawarin kantar jera kwanuka, ga shi sai da lemo ya zo aka tuna akwai kafinta a gidan. Ya ce ai lemon bai taɓa yi masa gorin kanta ba, shi ya sa. Ta ce bari ya yi baki tukuna.

Da ya zo kan gindin akwatin, ta ga yana shafa gam yana matse katakan, sai ta ce ya bar 'yar kafa a ƙasa.

"Kafar me?"

"Inda ruwa zai bi."

"Ruwan da ya sa za a kore shi? Ke dai ki yi ta zuba ruwanki, aikin katako ki bar wa masu shi."

Ta ce ita dai ta san bokitinta a tsage yake kuma bai taɓa yi wa lemon laifi ba. Ya ce bokitin nan abin kunya ne, ba don idonta ba da tuni ya jefa shi bola. Ta ƙyale shi. Shekarun da suka yi tare sun koya mata inda maganarta ke tsayawa in yana riƙe da guduma.

Akwatin ya yi kyau, wannan ba a musu. Kafin a zuba ƙasa sai da ya cika shi da ruwa ya bar shi ya wuni, ya sa Auta ta shafa ƙarƙashinsa. A bushe ƙayau. Ya kira Tela ya hau ya gani da idonsa. Tela ya zagaya shi ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Baba Kafinta, wannan ai jirgin ruwa ka yi. In ambaliya ta zo ni dai a ajiye mini wuri." Kafinta bai yi dariya ba, amma ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Aka juye dashen a sabuwar ƙasa da taki. Inna ta ci gaba da fitowa da moɗarta. A wurin Tela kuma shiru, ba ɗigo, ba ƙorafi.

Ba a daɗe ba ganyen ƙasa suka fara yin rawaya. Kafinta ya ce sauyin wuri ne, ko mutum ya sauya gida sai ya rame. Sai na sama suka bi, suka yi laushi suka sunkuya kamar masu jin ƙishi. Ganin haka ya karɓi moɗar da kansa ya ƙara ruwa. Ganye suka fara zuba. Ƙasar ta yi baƙi, saman ta ya yi kore, ƙananan ƙudaje suka taru. In iska ta kaɗo, wani wari kamar na kwata yake shigowa falo.

Wata safiya Inna ba ta fito ba. Kafinta ya jira har rana ta haye baranda. Ya leƙa ɗaki ya tarar ta juya fuska bango kamar farkon zuwansu, moɗar tana ƙasan gado. Ya ce ba za ta duba lemonta ba? Ta ce ta gaji da kallon abu yana mutuwa a gabanta, wanda ta gani ya isa.

Ya fita ya zauna a gaban akwatin. Ya tura hannu cikin ƙasar har wuyan hannu, ya ji ta kamar kunu, sanyi ƙalau, yatsunsa suna iyo a ruwa. Ya zaro hannun ya sunsuna. Ya daɗe zaune a wurin, keken Tela yana ta ƙara a ƙasa. Ya shafa haɗin kusurwa da babban yatsa, sama zuwa ƙasa, bai ji ko alamar gaɓa ba. Tun da ya fara sana'a bai tabbata ya taɓa yin haɗi mai kyan wannan ba, kuma ya san ba zai ƙara yin wani ba.

Ya shiga kicin ya ɗauko babbar robar wankin Auta. Ya ɗauko guntayen katakan da suka rage, ya ɗaga akwatin gefe ɗaya da ƙyar ya tura, ya zagaya ya ɗaga ɗaya gefen, har ya samu tsawon da roba za ta shiga ƙarƙashi. Numfashinsa sai da ya ɗauke. Sannan ya kwanta a kan siminti a gicciye, kafaɗa ɗaya a ƙasa, ya kafa mahuji a gindin akwatin ya fara murzawa. Katakon ya yi tauri, shi ya zaɓe shi don taurinsa. Hannun yana rawa, mahujin yana zamewa, yana mayar da shi. Da ya ɓulle, baƙin ruwa ya biyo ƙarfen ya gangaro masa har gwiwar hannu ya shiga hannun riga. Ya jawo robar ya tara.

Ƙarar zubar ruwa a roba ce ta fito da Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa, dafe da bango, tana kallonsa a kwance cikin ƙazanta. Ya huda na biyu, ya huda na uku, kowanne sai ya auna tazara da yatsu don su yi layi ɗaya, ko da yake ba mai leƙa wurin har abada.

"Ƙara ɗaya a tsakiya," in ji ta.

"Sun isa."

"Malam, ƙara."

Ya ƙara.

Ta sa ya jawo mata kujera. Da hannunta ta tone dashen ta ɗago shi. Rabin saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe, suna saluɓewa a yatsa. Ta aike shi wurin Tela aron almakashi. Ya sauka, ya hau. Ta datse duk abin da ya mutu, ta ce a kwashe ƙasar a baza ta sha iska, a samo tsakuwa a shimfiɗa a gindi kafin a mayar. Ya sake sauka da bokitin fentin nan da ya ce abin kunya ne, ya tsinto tsakuwa a bakin titi, ya hau yana hutawa a kowane kwana. Tela ya bi shi da ido, ya ga yadda rigarsa ta ɓaci, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da Auta ta dawo ta tarar da baranda kaca-kaca, robar wankinta cike da baƙin ruwa, uwarta zaune da ƙasa har gwiwar hannu, ubanta jingine da bango ido a rufe. Ta tambaya ko lemon zai rayu. Abin da ya rage a akwatin tsinke ne kawai da ganye biyu. Inna ta kankare bawon da farce kaɗan, ta matso da shi kusa da ido. Ƙarƙashin kore ne. Ta ce ba ta sani ba tukuna, sai an ga abin da Allah ya yi, amma kada wanda ya ƙara taɓa mata moɗa.

Robar ta zauna a ƙarƙashin akwatin, Auta ta haƙura ta nemi wata. Kullum da safe Inna takan fito ta tura yatsa cikin ƙasa, in ta ji danshi ta mayar da ruwanta, in ta ji bushewa ta zuba kaɗan. Sai su zauna ita da Kafinta suna jin ruwan yana ɗiga. In ya tsaya, ta taɓa mijin da ƙafa ta ce ya tashi kafin robar ta cika ruwan ya sauka kan Tela. Shi kuma ya dafa gefen akwatin, daidai wurin nan mai santsi, ya miƙe a hankali, ya jawo robar ya nufi banɗaki da ita.