Ranka Ya Daɗe, Tanko

Mu biyar mata aka haifa kafin Tanko, kuma ni babbar yayarsa na goye shi har bayana ya gaji. Shekara uku ya yi a daji tare da 'yan bindiga. Da ya tuba ya dawo Janfalan, ni na tsaya masa a gaban mai unguwa. Na ce in ya koma, a kama ni.

Wata bakwai ina gadinsa kamar mai dafa madara. Wallahi na gaji. Da safe ya tafi gonar rake, da yamma ya dawo ya zauna a gida. In ya yi sallama a majalisa, sai kowa ya tuna yana da wani aiki.

Wata rana ina tsintar shinkafa na ce, "Kai Tanko, me ka rasa a gidan nan? Yunwa ce ta kai ka, ko wa'azin wani ne ya juya maka kai?"

"Ba ko ɗaya, Yaya. Nan har na yi gemu 'kai yaro' ake ce mini. A can kuwa, in na yi tari mutum goma ke miƙewa."

"Tsoro ne wannan, ba girma ba."

"In kina riƙe da bindiga, Yaya, kamarsu ɗaya."

Ranar kasuwar Makarfi na ja shi ya raka ni sayar da mazarƙwaila, don ba na barinsa shi kaɗai. Muna sauke kaya ya ce wa wani dattijo, "Baba, ɗan matsa." Ashe Malam Inuwa ne na Furana, wanda su Tanko suka taɓa tsarewa kwana arba'in da ido a ɗaure. Bai san fuskar ba, muryar ya gane.

Na ɗauka ihu zai yi jama'a su taru. Ina ma hakan ya yi. Sai tsohon nan, sa'an mahaifinmu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin ɓawon rake.

"Ranka ya daɗe," in ji shi. "Allah ya ja zamaninka."

Na dubi Tanko ina jiran in ga kunya. Sai na ga kafaɗun da suka yi wata bakwai a sunkuye sun miƙe, fuska ta washe kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah. Bai ce wa tsohon ya tashi ba.

Ban yi masa faɗa ba, ba ni da sauran ƙarfi. Bayan kwana uku aka wayi gari tabarmarsa a naɗe, babu shi. Da mai unguwa ya aiko a kira ni, ban tambayi dalili ba, mayafina kawai na ɗauka.