Na'urori Takwas da Takabar Rahinatu

Kunya ce ta hana Alƙasum zuwa gidan Rahinatu, ko girman kai? Waɗanda suka yi aiki da shi a buro, wato ofishin ƙungiyar manoma, a Tawa cikin 1999 sun rabu biyu a kan wannan, kuma shi kansa bai taɓa yanke wa kansa hukunci ba.

Alƙasum mutumin Tebaram ne. Bai daɗe a lakwal, makarantar boko, ba. Da gyaran rediyo ya fara a bakin kasuwa, ya koyi sauran daga littattafan da Turawan poroje, masu ayyukan raya karkara, suka bari, yana bin Faransanci da yatsa. Rahinatu kuwa a Yamai ta yi karatu, da takardarta. Ita ta kafa babbar ordinater, wato kwamfutar buron, wadda ke raba wa kowace na'ura adireshinta da zarar an kunna ta, kuma ita kaɗai ta san kalmar buɗe ta. Mijinta ya rasu makonni uku da suka wuce, tana takaba.

A lokacin ne aka kawo ƙananan na'urori takwas marasa faifai a ciki. Ba su ajiye komai. In an kunna su sai su yi kira ta wayar da ta haɗa su da babbar, su nemi adireshi, su nemi kuma inda za su ɗauko abin da zai tashe su. Ta Rahinatu tana ba da adireshin ta yi shiru, don ba a gaya mata sauran ba. Layi biyu na umarni ne za a rubuta a ƙara mata.

Mansur, darektan buron, ya ce ran Litinin magatakardan ƙungiyoyi za su zo daga Barmu da Takanamat don koyo. In na'urorin ba su tashi ba kafin Asabar, motar da ta kawo su za ta wuce da su Ƙonni. Ya ce a je a tambayi Madam Rahinatu kalmar. Alƙasum ya ƙi. Ya ce ba a kai wa mai takaba maganar aiki, ƙasar kabarin mijinta ma ba ta bushe ba.

"To, Malam na rediyo," in ji Mansur, "ladabinka ya tada su mu gani."

Ran Talata Alƙasum ya ɗauko wata tsohuwar ordinater ya mai da ita mai rabon adireshi ta biyu, wadda ta san amsoshin duka. Kafin azahar Sauda sakatariya ta leƙo tana tambaya wa ya sa wa na'urar buga takardu baki. Masu rabo biyu sun ba na'urori biyu adireshi ɗaya, buron ya tsaya cik. Ran Laraba ya hana tasa amsa wa kowa sai takwas ɗin. Takardu suka fita, amma ta Rahinatu ta fi tasa sauri, tana riga ta amsawa. Ya kunna, uku suka tashi. Ya kashe ya sake, biyar suka tashi, kuma ba da ukun farko ba. Ya zagaya ɗakin, ya canza waya, ya fita ya sha ruwan randa, ya dawo bai zauna ba. Wuta ta ɗauke sau biyu, ya ji daɗin hakan, don ya sami abin ɗora wa laifi.

Ran Alhamis ya sa hannu a makunnin ta Rahinatu. In ya kashe ta, tasa ta zama ita kaɗai. Amma a cikinta rajistar irin gero ta ƙauyuka take, kuma bai san me zai tashi ba in ya sake kunnawa. Ya janye hannun. Ya tambayi kansa: wanda ba ya iya ƙwanƙwasa wa mace ƙofa don girmama ta, yaya zai kashe mata aikin shekara biyu a bayan idonta? Sai wata tambayar ta biyo, wadda ta fi ci masa rai. Da Rahinatu ba ta da takarda, da ita ma a kasuwa ta koya, zai ji nauyin nan haka?

Sauda ta kawo masa shayi ta ce ta je gaisuwa jiya. Madam na zaune a tabarma tun safe, kowa ya shigo sai ya maimaita mata mutuwar, har ta tambaya ko buron yana nan.

"Mi ta ce game da ni?"

"Ba ta san kana da matsala ba. Wa zai gaya mata? Kai ne ka hana."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci bai koma buro ba. Ya sayi goro, ya rubuta layukan biyu a takarda da hannunsa, ya nufi unguwarsu. Sau biyu ya wuce ƙofar. A na uku ya yi sallama. Azumi, gwaggon Rahinatu, ta fito zaure ta karɓi gaisuwarsa, ta ce an gode, za ta isar.

"Inna, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba," in ji shi. "Ki ce mata Alƙasum ne. Ki ce aikin ya gagare ni, ina roƙon ta saurare ni ko ta bayan labule."

Ya tsuguna a zauren da takardar a hannu yana jira.