Shafi Uku a Tsaye

Shekara goma sha ɗaya ina tace littattafai a kamfaninmu, kuma ina da wata al'ada da nake taƙama da ita: shafi uku nake karantawa, a tsaye. In rubutu bai zaunar da ni ba, sai wasiƙa. Jimla ɗaya ce, har na haddace: "Masu karatu ba sa son irin wannan."

Haka na yi wa wata tela da ta aiko rabin littafi kan jinyar mijinta mai shanyewar ɓarin jiki. Shafin farko, yadda ake juya mutum a gado. Na biyu, wankin zanen gado. Ban ma kai na ukun ba.

Bayan wata takwas na je duba mijin Yaya, shi ma ciwon nan ne ya kwantar da shi. Na tarar da Yaya riƙe da wasu takardun fotokwafi, gefensu ya yi baƙi don shan hannu.

"A layin gashin ƙashi na asibiti muke karɓa-karɓa, kowa kwana uku," ta ce. Ta rage murya. "Auta, matar nan kamar a ɗakina take kwana. Har ranar da ta ji ta tsani mijin ta rubuta. Ni da na ɗauka ni kaɗai ce muguwa. Amma rubutun a tsakiya ya tsaya. Kai da kake cikin harkar, nemo mana sauran mana."

Na gane shafin farko. Rubutun telar nan ne.

Washegari na bi adireshin da ke kan rubutunta, na sami telar a shagonta tana kafa maɓalli. Ba ta taɓa ganin fuskata ba.

"Sauran? Ai na bari," ta ce. "Waɗanda suka san abin sun ce ba mai so. Ba laifinsu, aikinsu ne. Ni aji nawa na yi?"

"Wallahi ana karantawa, Inna."

"Tausayi ne kawai." Ta tsinke zare da haƙori. "Da yana raye da na gwada, don shi nake karanta wa. Yanzu kwanakin duk sun cakuɗe mini."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Af, ban ma tambaya ba. Kai wane ne?"

Na buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshena.

"Ƙanen wata mai karatunki ne," na ce.

Ta yi murmushi, ta sa mini albarka.