Sandar da Aka Rataye wa Tumatir

Kowa a garin Rocalta ya san Assumpta ba ta iya riƙe magana, ko ta wa ce. Amma akwai guda ɗaya da ta haɗiye shekara arba'in, mijinta ma har ya mutu bai ji ta ba.

Wanta Eudald shi ne magajin gari na ƙarshe da mutane suka zaɓa, lokacin da yankinsu na Kataloniya ke da gwamnatinsa ta kansa, wato Generalitat. Da sojojin wani Janar mai mulkin kama-karya suka ci yaƙin basasa suka rushe ta, Eudald ya gudu Faransa ta cikin duwatsu. Kafin ya fita ya danƙa mata sandar mulkin gari mai kan azurfa, ya ce, "Kada ki ba wanda aka naɗo daga sama. Sai wanda gari ya zaɓa."

To ga shi Janar ya mutu, Generalitat ta dawo, an yi zaɓe, gari ya ɗauki Roser malamar makaranta. Eudald ma ya dawo, tsoho tukuf, ya sauka a gidan ƙanwarsa. Yana cin abincinta, yana kushe miyarta, amma ko sau ɗaya bai tambayi sanda ba. Ita kuwa abin ya ƙona mata rai. Ta rantse a ranta ba za ta faɗa ba sai ya buɗe baki. Taurin kai dai gadonsu ne.

Safiyar da za a miƙa wa Roser mulki, ta same shi zaune ko takalmi bai sa ba.

"Yaya, tashi mana. An fara kiɗa a dandali."

"Ba inda za ni. In je in ga an ba yarinyar nan sandar Don Ramiro, wadda aka aiko masa daga Madrid? Allah ya sawwaƙe."

Don Ramiro shi ne naɗaɗɗen magajin gari mai barin gado.

"Tamu fa?" in ji ta.

"Kada ki tsokane ni, Assumpta. Na san sun ƙone ta. Na bar ki da garwashi a hannu na tsere. Da wace fuska zan tambaye ki?"

Sai tausayi ya kama ta, haushi ya biyo baya. "Au, wato ka ɗauka na kasa? Lallai Faransa ta cinye maka ƙwaƙwalwa. Sa takalminka!"

Ta hau ɗakin sama, inda kowane gida ke rataye tumatir jere a zare tun daga kaka, a riƙa tsinka ana goga wa burodi har sanyi ya wuce. Tsakanin sandunan rataya akwai wata baƙa ƙirin, an shafe kanta da kwalta. Ta ciro ta. Ƙullin zaren ya ƙi kwantuwa, ƙararrawar coci kuma ta soma bugawa, sai ta saɓa ta haka nan, tumatir na reto a bayanta. Eudald ya bi ta yana ɗingishi, yana tambaya, ta ƙi kula shi.

Suna isa, Don Ramiro ya riga ya ɗaga sandarsa a bakin zauren gari, Roser ta miƙo hannu.

"Dakata!" Assumpta ta kwatsa. "Kada ki taɓa wannan, 'yata!"

Dandali ya fashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "Goggo, kasuwa sai Asabar!"

"Rufe mana baki, ba ni wuƙarka."

Ta kankare kwaltar a gaban kowa. Azurfa ta bayyana, da zane huɗu irin na tutarsu, da sunan garin a harshensu da aka hana su rubutawa. Dariya ta ɗauke ɗif. Wani tsoho ya cire hularsa, na kusa da shi ma suka cire.

Don Ramiro ya matso, fuskarsa ta yi fari. "Ni da kaina na bincike gidanki, ba sau ɗaya ba."

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Har ka gwara kanka da ita, na ba ka tumatir ka kai wa matarka."

Kai, ihun da aka yi sai da tantabaru suka watse daga kan coci! Assumpta ta juya ta ɗora sandar a hannun wanta. "Karɓi amanarka. Ni na gaji."

Eudald, hawaye na bin gemunsa, ya miƙa wa Roser. Ta ɗaga ta sama da tumatir ɗin duka, masu kiɗa suka saki busa, jama'a suka kama hannun juna aka kewaye dandali da rawa. Assumpta ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun tana budurwa.

Don Ramiro na tsaye gefe da sandarsa, ba wanda ya sake kallonsa, sai ita. Ta je ta auna tsawon sandar da ido.

"Ka gama da wannan, ko? Kawo nan. Tumatir ɗina ba shi da wurin rataya."

Ya kuwa ba ta.